Farin Hancin Baba A-Hankali

Idan ka haɗu da mutum a hanya girarsa fari, hancinsa fari, wuyansa ya ɗan karye baya kamar mai neman wani abu a sama, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Namu ne, mai aikin silin. Garin filasta ba ya raga wa kowa. Yana shiga kunne, yana shiga aljihu, har a cikin shayi sai ka tarar da shi. Shekara ashirin da uku ina wannan sana'a, kuma duk abin da hannuna ya iya, a wurin mutum ɗaya na koya. Labarinsa zan bayar. Na daɗe ina kauce masa, don ba ya bayuwa sai an haɗa da abin da ni na yi, kuma abin da na yi har yau kunyarsa nake ji.

Baba A-Hankali ake ce masa. Sunansa na ainihi sai dai a katin asibiti. Da lebura ya fara, yana jido wa magina ruwa, har wani tsohon mai aikin silin ya lura ba ya zubar da ko ɗigo a kan tsani, ya ce masa ya dawo wurinsa. Da tsohon zai bar aiki, ya ba shi cokalinsa na shafe, mai ƙotar katako da ta yi santsi don riƙo. Da wannan cokali ɗaya Baba ya yi aure, ya gina ɗakuna uku, ya tarbiyyantar da 'ya'ya huɗu. Uku sun yi nisa da iyalansu, sai Auta da ke koyarwa a firamare. Mama, matarsa, takan ce ita tsoho ta aura tun yana ɗan shekara ashirin da biyar, don ba ta taɓa ganin baƙin gashinsa ba sai ranar da ba aiki.

Bari in gaya maka halin garin nan, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane sauran labarin ba. Da ka zuba shi a ruwa ya fara ƙirga maka lokaci. Minti goma, in ya yi maka mutunci sha biyar, sai ya ɗau ɗumi, ya daskare, ya zama dutse. Ba a roƙonsa, ba a ƙara masa ruwa. Saboda haka masu aikinmu iri biyu ne: masu kwaɓa da yawa su yi ta tsere da shi, da masu kwaɓa kaɗan. Baba wani ɗan kwanon roba gare shi wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Zai kwaɓa, ya dangwala babban yatsa, ya jira, ya shafa, ya sauko, ya wanke kwanon tas, ya sake. In ka tsaya kallonsa sai barci ya ɗauke ka. Amma jeka ka dubi gidajen da ya yi shekara talatin da suka wuce, ko tsaga ɗaya ba za ka gani ba.

Ina ɗan shekara sha shida aka kai ni wurinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Dogo, kai dai ka huta da tsani.” Sunan ya bi ni har yau. Shekara tara na yi a gabansa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. In na yi garaje na ɓata aiki, hukuncinsa ɗaya ne: in sauko in zauna in kalle shi yana gyarawa. Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi. A gidansa nake cin abinci, Mama ce ke ɗinke mini riga in ta yage, Auta kuwa a kafaɗata ta koyi taɓa silin. Har yau Yaya take ce mini. Doka ɗaya ce a wurinsa da ba a ketawa: jakar kayan aikinsa, wata tsohuwar jakar fata mai igiya. Ko wuta ce ta tashi, ba ka sa hannu a ciki.

To, zamani ya juya. Masu gini suka koma son aiki jiya-jiya. Ni kuwa dama gaggawa a jinina take, na tara ma'aikata shida, na shiga karɓar manyan ayyuka. Baba kuma masu nemansa suka yi ta raguwa, har ya kai yana yin mako biyu a zaune a ƙofar gida yana goge cokalin da ba abin da ya taɓa. Da na samu aikin wani babban zauren taro, sai na je na durƙusa na ce ya zo ya taya ni, ya riƙe mana adon gefe-gefe. A raina cewa nake na kyauta, na rama alheri. Ya ce, “To, Dogo. In ba zan zame maka kaya ba.”

A wurina ba mai kwaɓa wa kansa. Akwai mutum guda, Mai Kwaɓi muke ce masa, ƙato mai yawan dariya, shi ke cika wa kowa bokiti. Ranar farko Baba ya fito da ɗan kwanonsa, na ce, “Haba Baba, da wannan ai sai baɗi.” Ya mayar da shi jaka, ya karɓi bokiti kamar kowa. Mutumin da ya haura sittin, kafaɗa ta gaji, ga bokiti cike yana ƙirga masa lokaci.

Rana ta huɗu abin ya faru. Kwaɓin ya riga shi. Ya juya ya gyara wata kusurwa, kafin ya waiwayo bokitin ya daskare da cokalinsa a tsaye a ciki. Ya ja, ya ƙi fita. Ni kuma bakina, wannan bakin nawa da ba ya shawara da ni, na hau na kama ƙotar cokalin na ɗaga bokitin gaba ɗaya sama, na ce, “Jama'a, ku zo ku ga sabon aikin Baba! Yau A-Hankali ya gamu da wanda ba ya jira!” Wuri ya kaure da dariya. Mai Kwaɓi har da riƙe ciki. Ya karɓi bokitin ya rataye shi a ƙusa a bakin ƙofa, ya ce tutar kamfani ce. Baba ma ya yi dariya. Na miƙa masa sabon cokali na kanti, ya juya shi a hannu, ya ce an gode. Kowace safiya ta ƙarƙashin bokitin nan yake shigowa aiki, ni kuwa ko sau ɗaya ban ce a sauke ba.

Bayan kamar mako uku sai Baba ya canza. Mutumin da ke hawa tsani yana lissafa matakala, sai ga shi yana hawa bibbiyu. Ya cinye bokiti kafin nawa ya kai rabi, ya leƙo yana kiran Mai Kwaɓi, “Kai, kawo! Barci kake?” Shi da in ya yi magana goma a yini an yi hira, ya koma surutu ba tsayawa, daga labarin gini ya faɗa na siyasa, daga nan ya koma na wata akuya da ya taɓa kiwo. In an zauna cin abincin rana ba ya zama, sai ya ce ya ƙoshi. Gumi kuwa kamar an watsa masa ruwa. Har riga ya fara cirewa a wurin aiki, shi da ko hannun riga ba ya naɗewa a gaban mutane. Muƙamuƙinsa yana ta motsi kamar mai tauna abin da ba ya ƙarewa.

Ka san abin da na yi? Yabo. Na riƙa zagin sauran da shi. “Ku dubi tsoho, ku ji kunya! Baba ya koma saurayi, ku kuna nan kuna jan ƙafa.” Na ƙara masa layi biyu a kan nasa. Aikin ba shi da kyan da na san hannunsa da shi, akwai 'yan tudu da kwari da shi kansa da zai sa ni in kankare a da, amma daga ƙasa wa zai gani? Muka ci gaba.

A wata sana'ar da tun ranar farko an gane. A tamu, wa zai kalli farin hanci? Mu takwas kowa hancinsa fari fat. Sai wata safiya na riga sauran ma'aikata zuwa, ban ko kwance buhu ɗaya ba, ga Baba ya fito daga banɗaki da wankakkiyar riga, girarsa baƙa, gashinsa ba ƙura, amma ƙofar hancinsa ta dama da fari. Na gani sarai. Na ce a raina, na jiya ne bai wanku ba. Mutumin da ke wanke kwano sau arba'in a yini, wai shi ne bai iya wanke hancinsa ba.

Kwana biyu bayan haka, muna kan dandamalin katako ni da shi, sai ya tsaya cak ya ce, “Dogo, sauka ka ɗauko mini wuƙa a jakata.”

Na ce, “A jakarka, Baba?”

Ya ce, “A jakata.”

Na sauka ina mamaki, don shekara ashirin da uku ban taɓa ganin cikinta ba. Na kwance igiyar. Ga ɗan kwanon roba, ga zare, ga fensir. A sama, ba a ko ɓoye ba, wasu 'yan fakiti uku masu ƙyalli, da hoton fure a jiki, an rubuta wai takin shuka ne, ba na ci ba. Ɗaya a buɗe, da farin gari a ciki mai ɗan sheƙi, da guntun bututun biro kusa da shi. Ni ba yaro ba ne. Na ji kamar na buɗe wa mahaifina ƙofar wanka. Na lalube jakar, babu wuƙa. Na ɗaure ta yadda na same ta, na hau.

Na ce, “Baba, babu wuƙa a ciki.”

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, cokali a hannu, kwaɓi yana ɗiga. Ni kuma na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Can ya ce, “To, bari kawai.”

Ban yi masa magana ba. Wurin direban da ke kawo mana buhuna na je, don na sha ganinsu shi da Baba suna ƙus-ƙus a bayan mota. Na shaƙe shi na ce, “Kai, hodar iblis kake ba ubana?” Ya ɓamɓare hannuna yana dariya. “Wace hodar iblis, Oga? Ina tsohonka ya ga kuɗinta? Wannan a kamfani ake haɗa ta, mai tsabta ce. Aikinsu ɗaya amma wannan ba ta da illa, ko gwaji aka yi ba ta fita. Shi ya zo da kansa ya ce in samo masa abin da zai sa hannunsa ya yi sauri.” Na zage shi, na ce kada in sake ganinsa kusa da Baba. Sai na juya da maganarsa a aljihu: a kamfani ake yi, ba ta da illa. Na san ƙarya ce, amma ta yi mini daɗin ji. Saura kwana goma sha biyu mu miƙa zauren. Na ce in an gama zan zaunar da shi. Kuma ta ina ma zan fara? Ni da ya koya wa riƙe cokali, in dube shi in ce, Baba, me kake shaƙa?

Ranar hutu Mama ta aiko in zo. Na tarar Baba ya fita. Ta kai ni ɗakinsu ta nuna mini sama. Silin ɗin ɗakin nan shi ne abin alfaharinsa, furanni ne ya zana da hannu shekarar da aka haifi Auta, duk baƙon da ya zo sai an shigo da shi ya gani. Yanzu ga wani rami a tsakiya wanda kan mutum zai shiga. Mama ta ce, “Shi ya fasa da taɓarya. Wai akwai mutane a ciki suna maganarsa, suna yi masa dariya. Kwana uku bai runtsa ba, abinci sai dai ya juya cokali. Dogo, kai ne kake yini da shi. Don Allah akwai wani abu a wurin aikin?”

Na ce, “Gajiya ce, Mama. Aikin ya yi yawa. Da mun gama zai huta.”

Ta ce, “To, Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa lura mana da shi.” Na amsa da amin, har na ci abincin da ta zuba mini.

Kwana biyar ya rage a miƙa aiki, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na ji ƙara daga can ƙarshen zauren. Baba ne a kan dandamali, ba riga, da guduma a hannu, yana dukan silin ɗin da muka gama jiya. Yana ihu, “Ku fito! Na ji ku! Ku fito ku faɗa a gabana!” Farin gari na zubo masa a ka. Na hau na kama hannunsa, sai na ji kamar na dafa murfin tukunyar da ke kan wuta. Idanunsa sun firfito, baƙin ya cika su, bai ma san ni ba. Ya wurgar da ni gefe, ni Dogo, kamar tsumma. Sai da mu huɗu muka taru muka danne shi a ƙasa, Mai Kwaɓi ya zauna masa a cinya, muka ɗaure shi da igiyar da muke jan bokiti. Yana ta fizga, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Mun fi rabin awa a haka muna jiran ya lafa, don ina kunyar a fito da shi a ga halin da yake ciki. Da na ga ba lafawa, muka sa shi a mota. Amma kafin in shiga, sai da na koma na buɗe jakar fatar nan karo na biyu, na kwashe fakitin na zuba a aljihun wandona. Wai ni mai rufin asiri.

A asibiti suka karɓe shi da gudu. Aka yi masa allura, aka jera masa ƙanƙara a wuya da hammata. Wata ma'aikaciya ta ce zafin jikinsa ya wuce arba'in da ɗaya. Kafin a jima Mama da Auta suka iso, Auta da alli a hannunta, daga aji ta taho. Likitar, wata mace siririya mai tabarau, ta fito ta same mu a baranda.

Ta ce, “Wa ke tare da shi lokacin da abin ya fara?”

Na ce ni ne.

Ta ce, “Ya sha wani abu? Ƙwaya, ko wani gari, ko maganin ƙarfi? Ka gaya mini gaskiya, ba 'yar sanda ba ce ni. Abin da zan yi masa ya dogara da amsarka.”

Mama ta juyo tana kallona. Auta ta ce, “Haba likita, Babanmu? Ko sigari bai taɓa sha ba. Yaya, gaya mata.”

Fakitin suna aljihuna, ina jin gefensu yana sukar cinyata. Na ce, “Ba ya shan komai. Shayi kawai.”

“Tun yaushe ya fara canzawa?”

“Yau ne kawai.”

Mama ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Likitar ta rubuta ta koma ciki. Bayan kamar awa ɗaya aka ce an yi gwajin ƙwayoyi, ba a ga komai ba. Kada ka so ka ji daɗin da na ji. Har na ce wa Auta, “Kin gani ko?” Tunda gwaji ya goyi bayana, likitar ta karkata ga zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwan baya, aka tura shi hoto. Ni kuma ina zaune a benci ina ba Mama haƙuri.

Wajen ƙarfe huɗu aka bar ni na leƙa. Yana kwance shiru, an sa masa robar fitsari. Na dubi jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado. Ɗan abin da ke ciki bai kai rabin kofi ba, kuma launinsa kamar shayin da ba madara. Na ji likitar tana gaya wa wani abokin aikinta ƙodar tana tsayawa, kuma ita har yanzu ba ta gane mafarin abin ba. Na bi ta har ƙarshen baranda inda ba kowa, na zaro fakitin na miƙa mata.

Ta juya su, ta karanta, ta cire tabarau. “Tun yaushe?”

“Wata guda da wani abu.”

“Kuma suna aljihunka tun safe?”

Na sunkuyar da kai. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce irin waɗannan ana haɗa su ne don su kwaikwayi hodar iblis, amma masu yin su kullum suna sauya haɗin, shi ya sa gwajin da aka saba ba ya ganinsu. Ta ce fakiti biyu masu hoto ɗaya ma ba lallai abu ɗaya ne a ciki ba, wani ya fi hodar ƙarfi, ya fi ta daɗewa a jiki. Suna sa zuciya gudu, su hana barci, su kawo ruɗu, su dafa mutum daga ciki. In jiki ya yi irin wannan zafi, ga fizge-fizge, sai tsoka ta fara narkewa ta bi jini ta je ta toshe ƙoda. Ta tambaye ni ko an danne shi. Na ce mu huɗu, da igiya. Ta rufe ido.

Na ce, “Likita, da na faɗa tun safe, da ƙodar ta tsira?”

Ta ce, “Da na san inda zan fara dubawa, da kuma akwai allurar da ba zan yi masa ba. Ba zan ce maka da ta tsira ba. Ba zan kuma ce maka da ba ta tsira ba.” Ta sa fakitin a aljihun farar rigarta ta wuce da sauri.

Baba ya rayu. Kwana goma sha tara ya yi a kwance. Ƙodar ce ba ta dawo ba. Yanzu sau biyu a mako ake kai shi wankin ƙoda, awa huɗu a jikin inji, ruwan sha ma a ɗan kofi ake auna masa. Likitar ta gaya wa iyalin gaskiya, asirin da na yi ta rufewa ya buɗe duk da haka. Mama ba ta taɓa yi mini maganar ba. Tana gaishe ni, tana zuba mini abinci, sai dai ta daina ce mini in lura mata da shi. Auta ta yi wata biyu ba ta ce mini Yaya ba. Direba kuwa tun ranar ban sake sa shi a ido ba. Bokitin nan na sauke shi da kaina, na fasa, na ciro cokalin. Garin ya cinye ƙarfen, duk ya yi tsatsa, ƙotar kawai ta rage lafiya. Yana cikin motata, na kasa kai masa.

Ni ke kai shi asibiti, ni ke dawo da shi. A hanya ba ma magana sai ta cunkoso da zafin rana. Watan jiya na ce zan toshe ramin ɗakinsu. Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a ƙasa, ya rame, wuyansa har yanzu a karye baya. Na ɗauko bokiti, ya girgiza kai, ya sa Auta ta miƙo mini ɗan kwanon roba. Na kwaɓa kaɗan, na dangwala yatsa, na jira. Ina sama, bayana gare shi, sai na ji ya ce, “Dogo, ka yafe mini. Na fasa maka aiki, na ba ka kunya a gaban mutanenka.”

Nan na kasa. Na sauko na durƙusa a gabansa da kwanon a hannu. Na ce, “Baba, ni ne zan nemi gafara. Ni na ɗaga bokitin nan. Kuma na sani tun kafin ranar. Lokacin da ka aike ni ɗauko wuƙa na ga fakitin, na yi shiru.”

Ya ce, “Na san ka gani.”

Na ɗago.

Ya ce, “Wuƙar tana aljihuna ranar. Na yi ta ƙoƙarin in daina, na kasa, kuma bakina ya ƙi faɗa. Ba zan iya gaya wa uwarku ba, ba zan iya gaya wa Auta ba. Na ce Dogo ba ya iya riƙe magana, in ya gani ko a gaban waye sai ya yi mini tsiya, shi ke nan na huta. Kowace safiya in na shigo sai in ce yau zai yi magana.”

Bai faɗe ta da fushi ba. Ya faɗa ne kamar yadda yake nuna mini tudu a aiki. Na tsaya a durƙushe ban san tsawon lokacin ba, har na ji kwanon ya ɗau ɗumi a tafina. Ya leƙa ciki, ya taɓa da babban yatsa.

Ya ce, “Ya daskare. Je ka wanke, ka sake kwaɓawa.”